Ita Ba Ta Da Yaya Ne?

A garinmu Gadarif, ƙanƙara haja ce. Da bazara, musamman idan azumi ya faɗo a cikinta, za ka ga yara da amalanken jaki suna yawo da ita sanduna-sanduna, an lulluɓe da buhu da garin katako, mai saye yana ciniki tana ɗiga, mai sayarwa yana duban rana yana duban hajarsa. Wanda ya sayi gutsure guda sai ya ruga gida da shi kamar wanda ya ɗebo wuta. Da wannan sanin na ƙanƙara muka tashi. Shi ya sa ranar da Ummi, 'yar ƙanwata, ta miƙo mini wayar uwarta ta ce, "Kawu, dubi wani fili da aka yi shi da ƙanƙara gaba ɗaya," sai na ɗauka irin hotunan ƙaryar nan ne da ake haɗawa da kwamfuta.

Ashe gaskiya ne. Mata ne sanye da hular kwano da riguna masu kauri, a ƙafarsu takalma masu bakin ƙarfe kamar wuƙa, suna sulɓi a kan daskararren ruwa da gudun da ido ke wahalar bi. Kowace tana riƙe da gora mai lanƙwasa, suna korar wani ɗan baƙin faifan roba zuwa raga, shida-shida a kowane ɓangare har da mai tsaron gida. Daga baya na bincika na gane wasan ƙwallon gora ne na kan ƙanƙara, a birnin Montreal na Kanada, kuma a ranar mutum fiye da 21,000 ne suka yanki tikiti don kallon mata zalla. Wannan a ƙarshen watan Afrilun 2024 ne, 'yan makonni bayan ƙaramar Sallah. Ummi da uwarta da ƙannenta biyu suna gidanmu tun watan Disamba, lokacin da yaƙi ya ci Wad Madani, garin da uwar take aure, suka taho a bayan babbar mota da abin da hannu zai iya ɗauka.

Ummi ta kalli hoton har sau uku, sannan ta ce, "Kawu, da a ce muna da ƙanƙara, za ka bar ni in yi?" Na yi dariya na ce mata ai ko ta sha ba ta ishe mu ba. Uwarta, wadda muke kira Auta, tana gefe tana tsince riɗi a faifai. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ki tambaye shi wanda ba ya buƙatar ƙanƙara." Dariyar ta tsaya mini a maƙogwaro. Yarinyar ba ta gane ba. Ni na gane, domin maganar ta yi shekara ashirin da biyu tana jirana.

Bari in koma baya kaɗan, don mai karatu ya san gidan da abin ya faru. Kakanmu ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar aikin Hajji, irin tafiyar nan da ake shekaru ana yi, a tsaya a yi noma, a sami guzuri, a ƙara gaba. Ya bi sawun waɗanda suka yiwo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda wasunsu suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar kogi kusa da Sinnar. Ya sauke farali, a hanyar dawowa baƙar ƙasar Gadarif ta riƙe shi. A nan ana noman dawa da riɗi da injuna tun shekarun 1940, amma yankan riɗi sai hannu, kuma riɗi ba ya jira, in ya nuna aka yi sakaci na 'yan kwanaki sai ya fashe ya zube. Hannun Hausawa na cikin hannayen da suka riƙa yankan nan. Mu jikoki a nan aka haife mu, Larabci a kasuwa da makaranta, Hausa a tsakar gida, amma duk da haka ba a rasa mai tuna mana cewa asalinmu daga yamma yake. Baba, Allah Ya jiƙansa, yakan ce baƙo ba shi da dukiyar da ta wuce mutuncinsa, kuma abin da ɗan gari zai yi a ce ƙuruciya ce, mu in muka yi sai a ce halinmu ne.

A bayan unguwarmu akwai wani fili da ruwa ke kwanciya da damina, da rani ya bushe ya tsattsage. Nan yara ke buga ƙwallon safa, wato tsohuwar safa da aka cusa wa tsumma aka ɗaure tamau. A 2002 Auta tana da shekara goma sha biyu, kuma yaran da kansu suke zuwa ƙofar gida suna leƙe, kowane ɓangare na son a ba shi ita. Da ƙafar hagu take bugu. Tana da wani abu da ban taɓa gani a wurin sa'anta ba, kafin ƙwallo ya iso gare ta ta riga ta san inda za ta aika shi. Ni da na yi shekaru ina bin ƙungiyar unguwa da takalmin aro ban taɓa samun gurbi ba, na san abin da nake gani. Sai da na manyanta na yarda cewa wannan ma yana cikin abin da ya ci mini rai.

Wata yamma ina zaune wurin mai shayi da abokai, sai ɗaya ya ce, "Ashe ku a gidanku macen ce namijin." Aka kwashe da dariya. Ban ƙarasa shayin ba. Na je filin, na ratsa tsakiyar yaran, na ɗauke ƙwallon, na zaro reza na farke shi a gabansu, tsummokaran suka zube ƙasa. Na kama ta a wuyan hannu na ja ta har gida, ina faɗa da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Baba ya ce na yi daidai. Inna ba ta ce uffan ba, ta dai kai mata tuwo ɗaki da daddare. Auta ba ta sake taka filin ba. Tana da shekara goma sha takwas aka ɗaura mata aure ta tafi Madani, ni kuma na manta, kamar yadda mai duka kan manta.

A 2018 labari ya cika gari cewa kulob ɗin Al-Ahli na Gadarif ya ɗauko mace ta horar da 'yan wasansa maza. Sunanta Salma al-Majidi, daga Umdurman, shekararta 27 a lokacin. Hukumar FIFA ta amince cewa ita ce mace ta farko a Sudan, har ma da ƙasashen Larabawa, da ta horar da kulob ɗin maza. 'Yar ɗan sanda ce mai ritaya. Tana da shekara 16 ta fara zuwa kallon yadda ake horar da ƙaninta a ƙungiyar makaranta, tana lura da duk abin da mai horarwar ke yi. Daga nan ta samu aka ba ta ƙananan yaran Al-Hilal ta Umdurman, ta yi kwasa-kwasai har ta sami lasisin horarwa na hukumar ƙwallon Afirka, ta riƙe kulob-kulob irin su Al-Nasr da Nil Halfa kafin ta zo mana. Abin lura shi ne ta zama mai horarwa a ƙasar da babu gasar da ita kanta za ta buga. Sudan na cikin ƙasashe huɗu da suka kafa hukumar ƙwallon Afirka a Khartum a 1957, ta kuma ɗauki kofin nahiyar a 1970, amma mata ba su sami gasar lig ba sai ranar 30 ga Satumban 2019, bayan faɗuwar gwamnatin Umar al-Bashir. A 2012 ma Majalisar Fiƙihu ta ƙasa ta ba da fatawar ƙin amincewa da kafa ƙungiyar mata.

Na je kallon atisayensu. Mace da kanta a rufe, usur a baki, ƙarti masu gemu suna gudu in ta busa, suna tsayawa in ta busa. Na tafa har tafin hannuna ya yi zafi. Na ɗauki hoto daga nesa na tura wa Auta, na rubuta a ƙasa cewa yau Gadarif ta shiga tarihi. Sai da aka kwana biyu amsa ta zo, layi ɗaya tak: "Yaya, ita ba ta da yaya ne?" Na ɗauke ta a matsayin raha, na mayar mata da hoton fuska mai dariya. Mutum in ba ya son jin magana, ko a kunne aka busa masa ita sai ya ce iska ce.

To ga tambayar da nake so mu juya tare, ya kai mai karatu. Idan Allah Ya ajiye baiwa a jikin mutum, wa ke da alhakinta? Mun saba cewa baiwa amana ce a wuyan mai ita, mai murya ya yi kiran salla, mai kai ya yi karatu, wanda ya binne tasa ya yi butulci. Wannan gaskiya ce, sai dai rabinta ce. Baiwar yaro ba a hannunsa take ba. 'Yar shekara goma sha biyu ba ta da fili, ba ta da kuɗin takalmi, ba ta da izinin fita. Abin da aka ba ta a ƙafa, mabuɗinsa yana aljihun wasu: uba, uwa, yaya, malamin makaranta, mai unguwa. In ajiya ta lalace a cikin ɗaki alhali mabuɗin yana wurina, wa za a tambaya ranar da mai ajiyar ya zo?

Amsar da na yi shekaru ina ɓuya a bayanta ita ce rabo. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, da Allah Ya nufa za ta yi ƙwallo da ta yi. Tambayar Ummi ce ta raba mini abu biyu da na daɗe ina cakuɗawa. Akwai rashin da ya zo daga sama, akwai wanda ya zo daga hannun mutum. Mai yiwuwa a Gadarif an haifi yarinyar da, da a Kanada take, babu mai kamo ta a kan ƙanƙara. Za ta rayu ta mutu abin bai bayyana ba, kuma babu wanda ya zalunce ta, domin ba wanda ya ɗauke mata ƙanƙarar. Allah ne Ya raba wa kowace ƙasa yanayinta, Ya ba mu riɗi, Ya ba su sanyi. Wannan shi ne rabo na gaskiya, kuma haƙuri da shi ibada ne. Amma fili da tsohuwar safa muna da su har sun yi yawa. Abin da ya shiga tsakanin Auta da filin nan yana da suna, yana da hannu, yana riƙe da reza. In na kira wannan ƙaddara na wanke hannuna, to na jingina wa Ubangiji aikin da na yi don kada abokai su yi mini dariya. Ɓarawo ma da ƙaddara ya yi sata, amma alƙali ba ya sallamarsa saboda ita.

Da na ci gaba da karanta labarin matan ƙanƙarar nan, sai na tarar su ma ba ƙanƙara kaɗai ta kai su inda suka kai ba. A Toronto, a 1956, an gano cewa wani ɗan wasa ɗan shekara tara da ake ji da shi a gasar yara maza ashe yarinya ce mai suna Abby Hoffman, da gajeren gashi, ta yi rajista da guntun suna domin babu ƙungiyar 'yan mata da za ta shiga. Daga baya ta wakilci Kanada a fagen tsere a gasar Olamfik har sau huɗu. Sai Hayley Wickenheiser, wadda da yawa ke ganin babu kamarta a tarihin wasan. Ta taso a wani ƙaramin gari na lardin Saskatchewan tana buga wa ƙungiyoyin yara maza, kuma a filin ƙanƙarar da mahaifinta ya yi a bayan gida ta koyi wasan. Ta shiga tawagar ƙasa a 1994 tana da shekara 15, ta ci lambar zinare ta Olamfik sau huɗu, a 2002, 2006, 2010 da 2014. A 2003 sai da ta tafi ƙasar Finlan ta buga a kulob ɗin maza. Ta yi ritaya a 2017, ta ƙarasa karatun likita a 2021.

Wasan maza ya shiga Olamfik tun 1920, na mata sai 1998 a Nagano ta Japan. Ko bayan nan, da yawa daga cikin manyan 'yan wasa da rana suna wani aiki, da daddare su je atisaye. A 2019 gasar matan Kanada ta rushe saboda rashin kuɗi, sai 'yan wasa kimanin 200 suka ce ba za su buga a kowace gasa ta yankin ba sai an kafa wadda za ta iya ciyar da su. Ranar 1 ga Janairun 2024 sabuwar gasar PWHL ta fara da ƙungiyoyi shida, uku a Kanada uku a Amurka, mafi ƙarancin albashi dala 35,000 a shekara. Wasan da Ummi ta nuna mini, gasar ba ta cika wata huɗu da haihuwa ba. Ka duba, a ƙasar da ƙanƙara ke toshe ƙofar gida, sai da aka yi shekara 68 tsakanin yarinyar da ta ɓoye sunanta da filin da ya cika maƙil. Ashe katangar nan ba mu kaɗai muka iya gina ta ba, kuma yanayi ba shi da hannu a ciki. A kowane mataki akwai mai riƙe da mabuɗi, ko ya buɗe ko ya ƙi. Wani uba ya ɗauki tiyo ya zuba ruwa a bayan gida cikin sanyi, wani yaya ya ɗauki reza.

Ban rubuta wannan don in ce duk mai shakka jahili ne ba. Akwai hujjoji uku masu nauyi, kuma duk na taɓa riƙe su.

Ta farko ita ce kunya da sutura. Na yarda da ita, har gobe kuma ina cikinta. Amma in damuwar ita ce kada budurwa ta yi gudu a gaban maza cikin gajeren wando, ai maganinta sananne ne, a kewaye fili, a sa sutura ta kirki. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha sau biyu, ta riga shi a na farko, ya riga ta a na biyu. Tun 2014 dokar ƙwallo ta duniya ta yarda da rufe kai, kuma a gasar cin kofin duniya ta mata ta 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta. Malamai suna da saɓani a kan iyakoki, wannan fagensu ne. Abin da ke gabana shi ne ranar da na farke ƙwallon ban tambayi malami ba. Fatawata daga teburin mai shayi na ɗauko ta. Da yawanmu haka muke, sai mun gama yanke hukunci da zafin zuciya sannan mu dawo muna neman ayar da za mu jingina shi da ita.

Ta biyu ita ce ta Baba, mutuncin baƙo. Tsoronsa ba na banza ba ne. A Yulin 2022, da rikici ya ɓarke a kudu maso gabashin ƙasar nan aka kashe mutane masu yawa, Hausawa suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Khartum, duk mun tuna cewa zamanmu a bakin mutane yake. Wanda ake sa wa ido dole ya iya takunsa. Sai dai mu tambayi kanmu, kuɗin mutuncin gidan nan wa ya biya? Ni na ci gaba da zuwa fili, da zaman shayi har dare ya raba, har taba na koya a ɓoye, mutuncin gida bai girgiza ba. Harajin gaba ɗaya a kan mutum ɗaya aka ɗora shi, ita ce kuma mafi ƙanƙanta, wadda ba a ko tambaya ba. In kaya na gida ne, ya kamata kowa ya sa kafaɗa.

Ta uku ita ce, me ƙwallo zai ba ta? Nan ma akwai gaskiya. A 2002 babu lig, babu albashi, babu mai ɗaukar 'yan wasa mata. Ko da na bar ta, ƙila shekara biyu ta gaji ta daina. Tawagar matan Sudan da ta fara fita a 2021 ta sha kashi da ƙwallaye masu yawa a wasanninta na farko, daga baya Salma ta riƙe ta, sai kuma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa komai. Don haka ba zan yi wa kaina kirarin cewa na hana Sudan samun wata Asisat Oshoala ba, 'yar Najeriyar nan da ta zama gwarzuwar Afirka sau shida. Amma ba a auna zalunci da ribar da wanda aka zalunta zai ci. Wanda ya tumɓuke shukar wani tana tsiro ba zai kare kansa da cewa da ma fara za ta cinye ta ba. Abin da na ƙwace mata shi ne ta gwada ta gani da idonta, ta daina don ta gaji, ko ta ci gaba don ta iya. Na kuma koya mata wani darasi tun tana ƙarama, cewa abin da ta fi iyawa a duniya abin kunya ne. Irin wannan darasin ba a fili yake tsayawa ba, yana bin mutum har ɗakin aure, har cikin yadda zai buɗe baki a gaban jama'a.

Sai kuma tafin nan nawa na 2018. Yabon mace ta farko yana da daɗi domin ba ya cin ko kwabo. 'Yar wani ce, daga wani gari, in an zage ta ba gidanmu zagin zai zo ba. Mu tafa wa wadda ta tsallake katanga, mu koma gida mu ƙara wa katangar tubali. Labarinta har yakan zame mana hujja, mu ce ga Salma nan ta yi, ashe mai so yana iyawa, wadda ba ta yi ba ita ta so. Alhali duk lokacin da aka ce wance ce ta farko, ana faɗa mana ne a fakaice cewa akwai waɗanda suka riga ta zuwa bakin ƙofar aka mayar da su. Ita ma Salma danginta ba su karɓi abin da hannu bibbiyu ba tun farko, amma daga ƙarshe gidansu ya tsaya mata. Nan amsar tambayar Auta take. Masu riƙe da mabuɗin a can sun buɗe.

Malamai sun koya mana cewa laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, nadama da dainawa suna wanke shi, amma haƙƙin mutum sai an mayar masa da shi ko ya yafe da bakinsa. Daren ranar da Ummi ta nuna mini hoton, bayan yara sun yi barci, na same ta a tsakar gida zaune a kan gadon igiya, an ɗauke wuta, ga zafi. Na ce, "Auta, ki yafe mini abin da na yi miki a filin nan." Ta yi shiru har na ɗauka ba za ta amsa ba. Can ta ce, "Yaya, na yafe maka tun Baba yana da rai. Amma ka san abin da ya fi yi mini ciwo? Kafin ka shigo filin ka ɗan tsaya a gefe, na gan ka. Na ɗauka kallona ka zo yi, sai na ƙara himma." Ban sami abin cewa ba. Na zauna a ƙasa kusa da gadon har sauro ya kore mu.

Na san wani zai ce ana yaƙi, makarantun Gadarif sun cika da 'yan gudun hijira, kwanon dawa yana neman gagarar talaka, kai kuma kana maganar ƙwallo. Ni ma na faɗa wa kaina haka. Sai na lura da wani abu. Yaran da suka ji rugugin bindiga a Madani, mazan cikinsu suna da inda suke zubar da abin da ke ƙirjinsu kowace yamma, su yi gudu, su yi ihu, su dawo su yi barci. Matan suna zaune a ɗaki da nasu, suna firgita da tsakar dare. Ummi na cikinsu, na sha jin kukanta ta bayan bango.

Na shiga kasuwa na sayi ƙwallon roba. A bayan gidanmu akwai kangon da muke ɗaure awaki, na mayar da su gefe guda, na share ƙaya da kashin awaki, na ƙara zana biyu inda dangar ta faɗi. Bayan la'asar 'yan mata bakwai, takwas, wata rana har goma sha, daga maƙwabta da makarantar da aka sauke baƙi, suna shigowa da dogayen riguna da wanduna da ɗankwali. Auta ce ke raba su gida biyu. Ranar farko ƙwallon ya gangaro wurinta. Ta ɗan waiga, ta tattare gefen mayafinta, ta sa ƙafar hagu ta ɗaga shi sau ɗaya, biyu, uku, ta aika wa Ummi shi daidai ƙirji. Shekararta talatin da huɗu, 'ya'yanta uku. Yaran suka ɗau ihu. Ni kuwa na juya na shiga gyaran zanar da ba abin da ya same ta.

Ba a rasa magana ba. Wani dattijo da nake girmamawa ya tare ni bayan sallar Magariba ya ce, "Ɗana, wannan ba tarbiyyar mahaifinka ba ce." Na ce, "Baba, ku zo ku duba dangar, in akwai inda ido ke shiga zan toshe." Bai zo ba, bai kuma daina amsa gaisuwata ba. Yanzu aikina da yamma shi ne zama a kan benci a bakin kangon, ina korar samari masu leƙe.

Ba zan yi wa mai karatu ƙaryar cewa na gama warkewa ba. Kango mai danga abu ne mai sauƙi, babu wanda yake gani. Ummi shekararta goma sha ɗaya, kuma ƙafar uwarta ta ɗauko. Nan da 'yan shekaru za ta zama budurwa. In Allah Ya kawo ƙarshen yaƙi aka dawo da gasar mata, tana iya cewa tana son zuwa gwaji a fili na gaske, a gaban jama'a, inda abokaina na wurin mai shayi za su gan ta a waya. Hukuncin na ubanta ne da uwarta, amma a gidan Bahaushe ba a yanke irin wannan magana ba a ji ta bakin kawu ba, kuma ina jin tsohon zafin nan yana nan kwance a wani lungu na zuciyata. Alkawarin da na yi wa kaina shi ne ranar ita zan fara saurara har ta gama, sannan in je wurin malami mai ilimi da tsoron Allah in tambaya da gaske, kuma duk abin da zan faɗa, a gaban Auta zan faɗe shi.

Allah Ya ba Sudan zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, Ya sa mu sauke amanar da aka ba mu riƙo.